Dokar kare bishiya a Ingila: abin da take hanawa da inda hannunta bai kai ba

A watan Yulin 2025 wata kotu a birnin Newcastle ta ɗaure wasu mutum biyu shekara huɗu da wata uku kowannensu saboda sare bishiya guda ɗaya. Ita ce bishiyar nan ta Sycamore Gap da ke tsaye a wani kwari a jikin tsohuwar katangar Hadrian ta zamanin Rumawa, a arewacin Ingila, wadda aka wayi gari ranar 28 ga Satumban 2023 aka tarar da ita a kwance. Wata uku kafin wannan hukunci, a farkon Afrilu, an sassare wata bishiyar oak a gandun shaƙatawa na Whitewebbs da ke Enfield, arewacin Landan. An ƙiyasta shekarunta sun doshi 500, kewayen gindinta ya kai mita shida. Ta girme wa ta Sycamore Gap nesa ba kusa ba. Amma da 'yan sandan Landan suka duba maganar, sai suka ce ba hurumin su ba ne, rigima ce tsakanin mai fili da ɗan haya.

Wannan bambanci ya rikita mutane da yawa, har da mazauna Ingila. Mutane sun ɗauka cewa duk bishiyar da ta tsufa ko ta yi suna tana da kariyar doka. Ba haka abin yake ba. A Ingila shekarun bishiya ba su ne ke ba ta kariya ba; takarda ce, kuma sai wata hukuma ta zauna ta rubuta ta da sunan wannan bishiyar.

## Mene ne umarnin kare bishiya?

Takardar da ake magana a kai ita ce umarnin kare bishiya, wanda a can ake taƙaitawa da TPO. Asalinsa yana cikin dokokin tsara birane na shekarun 1940, musamman ta 1947. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce dokar tsara birane da karkara ta 1990, tare da ƙa'idojin da aka fitar wa Ingila a 2012. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce tana da nata tsarin, duk da cewa sun yi kama.

Hukumar tsara gari, wadda galibi ƙaramar hukuma ce, ita ke bayar da umarnin. Tana iya ɗora shi a kan bishiya ɗaya, ko rukunin bishiyoyi, ko wani yanki da aka zana a taswira, ko kurmi baki ɗaya. Da zarar ya fara aiki, haramun ne a sare bishiyar, ko a fille mata kai, ko a datse rassanta, ko a tumɓuke ta, ko a ji mata rauni da gangan, sai da rubutaccen izinin hukumar. Yanke saiwa ma ya shiga ciki.

Abu biyu ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Na farko, umarnin bai ƙwace bishiyar daga hannun mai ita ba. Tana nan tasa, kuma kula da ita da kuɗin gyaranta da alhakin duk ɓarnar da ta yi suna wuyansa. Na biyu, bai hana a taɓa ta har abada ba. Abin da ya ce shi ne a nemi izini tukuna. Neman izinin kyauta ne, hukuma tana da mako takwas ta ba da amsa, idan kuma ta ƙi ko ta yi shiru, mai nema zai iya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsara birane ta ƙasa.

Sharaɗin bayar da umarnin shi ne hukumar ta gamsu cewa jama'a suna amfana da kasancewar bishiyar a wurin, kuma akwai dalilin da ya sa ya dace a kare ta yanzu. Dokar ba ta fayyace ma'aunin wannan amfani ba, ta bar wa jami'ai. A aikace abin da suka fi dubawa shi ne ko ana ganin bishiyar daga titi ko wani wurin da jama'a ke bi, sai girmanta, lafiyarta, da shekarun da suka rage mata. Ƙananan hukumomi da yawa suna amfani da wani tsarin ba da maki da ake kira TEMPO domin kada hukuncin ya zama son rai. Sharaɗi na biyu kuwa, wato dacewa, yana nufin idan babu alamar barazana, ko kuma mai bishiyar yana kula da ita yadda ya kamata, to ba lallai a ba da umarni ba. Wannan sharaɗi ne ya bar ɗimbin tsofaffin bishiyoyi babu takarda, domin babu wanda ya zaci za a taɓa su.

Idan hukuma ta ga haɗari, tana iya fitar da umarnin wucin gadi nan take, ya yi aiki wata shida. A ba mai fili da maƙwabta aƙalla kwana 28 su kawo ƙorafi, sannan a tabbatar da shi ko a bar shi ya mutu.

## Ƙofofin da doka ta bari a buɗe

Akwai ayyukan da ba sa buƙatar izini ko da bishiyar tana ƙarƙashin umarni. Bishiyar da ta mutu ana iya sare ta, amma sai an ba hukuma sanarwar kwana biyar na aiki. Idan akwai haɗarin da zai iya ji wa mutum mummunan rauni nan take, ana iya yin aikin da zai kawar da haɗarin kaɗai, a sanar daga baya. Cire busassun rassa daga rayayyar bishiya ya halatta. Kamfanonin wuta da ruwa da jirgin ƙasa suna da nasu sassaucin. Sannan idan an ba da cikakken izinin gini, kuma ginin ba zai yiwu ba sai an cire bishiyar, izinin ginin ya rinjayi umarnin.

Kafin 2012 har bishiyar da ake cewa "tana mutuwa" tana cikin waɗanda aka yafe. An cire wannan, domin ya zama mafakar duk mai son kawar da bishiya: kowace tsohuwar bishiya tana da reshen da ya bushe, kuma ba wuya a samu wanda zai ce ta kama hanyar mutuwa.

Ban da umarnin, akwai wasu shingaye biyu. A unguwannin da aka keɓe saboda tarihinsu ko tsarin gine-ginensu, duk bishiyar da kaurin gangarta ya wuce milimita 75, idan an auna a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ba a taɓa ta sai an ba hukuma sanarwar mako shida. A cikin waɗannan makonni hukuma ba ta da ikon cewa a'a kai tsaye; ko dai ta ɗora umarnin kariya, ko ta bari a yi aikin. Shinge na biyu shi ne lasisin sare itace na Hukumar Gandun Daji, bisa dokar 1967. Mutum zai iya sare katakon da bai wuce kubik mita biyar ba a cikin wata uku ba tare da lasisi ba, kuma lambunan gida da harabar coci ba sa cikin tsarin. An yi wannan doka ne domin kiyaye arzikin katako, ba domin bishiya ɗaya mai tarihi ba.

## Hukunci

Wanda ya halaka bishiyar da ke ƙarƙashin umarni zai iya fuskantar tarar da ba ta da iyaka. A da ƙananan kotuna ba sa wuce fam 20,000, amma an cire wannan iyaka a 2015. Ƙananan laifuka, kamar datse reshe ba izini ba tare da an kashe bishiyar ba, tararsu ba ta wuce fam 2,500. Doka ta umarci alƙali ya yi la'akari da ribar da mai laifin ya samu. A 2012, a garin Poole da ke gaɓar tekun kudu, an ci wani mutum tarar fam 75,000 saboda ya sa an sare bishiyar maƙwabcinsa da ta tare masa kallon teku, aka kuma karɓe fam 50,000 a matsayin ƙarin darajar da gidansa ya samu. Bayan tara, akwai wajibcin dasa wata a gurbinta, kuma umarnin yana komawa kan sabuwar.

"Ban sani ba" ba ya zama hujja a kotu. Wanda ya riƙe zarto da wanda ya ba shi kwangila duka ana iya gurfanar da su. Sai dai karya umarnin shi kansa ba ya kai mutum gidan yari.

Wannan ya kawo mu ga dalilin bambancin da ke tsakanin Sycamore Gap da Enfield. Mutanen Sycamore Gap an hukunta su ne da dokar lalata dukiyar wani, domin bishiyar da filin mallakar ƙungiyar National Trust ne, mai kula da wuraren tarihi, kuma faɗuwarta ta taɓa katangar Hadrian. A Enfield kuwa, filin na ƙaramar hukuma ne amma yana hannun kamfanin Mitchells & Butlers, mai gidajen cin abinci na Toby Carvery, a matsayin haya. Kamfanin ya ce 'yan kwangilarsa ne suka ba shi shawarar cewa bishiyar ta zama haɗari ga jama'a, daga baya shugabansa ya nemi afuwa. Ƙaramar hukumar ta ce ba a nemi yardarta ba, kuma nata masanan sun duba bishiyar watanni kaɗan kafin nan suka same ta da rai da lafiya. Sunanta yana cikin kundin tsofaffin bishiyoyi na ƙungiyar Woodland Trust mai kare bishiyoyi, amma wannan kundi ba shi da ƙarfin doka. Sai bayan an gama saran aka ɗora umarnin gaggawa a kan gangar da ta rage, abin da mazauna yankin suka ɗauka a matsayin ihu bayan hari.

## Idan hukuma ce ke riƙe da zarto

Wani babban giɓin dokar ya fito fili a birnin Sheffield. A 2012 hukumar birnin ta ƙulla kwangilar shekara 25 ta gyaran tituna da kamfanin Amey, kan kuɗi kimanin fam biliyan 2.2. A ƙarƙashinta aka fara sare bishiyoyin bakin titi, da yawansu lafiyayyu, bisa dalilin cewa saiwarsu tana ɗaga daɓen gefen hanya. Mazauna suka tashi tsaye. A watan Nuwamban 2016 aka je titin Rustlings da asuba tare da 'yan sanda, aka tashi mutane daga barci su janye motocinsu, aka kama wasu, cikinsu har da mata biyu 'yan fansho. Kafin a dakatar da aikin a 2018 an sare fiye da bishiya 5,000. Daga baya ta bayyana cewa kwangilar ta ambaci adadin 17,500, kusan rabin bishiyoyin titunan birnin. Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta, wanda ya fito a Maris 2023, ya gano cewa hukumar ta ɓoye wa jama'a gaskiya, har ta kai ga ɓatar da kotu. Hukumar ta nemi afuwa a rubuce.

A watan da rahoton ya fito, hukumar birnin Plymouth ta sare bishiyoyi 110 a titin Armada Way cikin dare, sai umarnin kotu ne ya tsayar da aikin kafin gari ya waye. Shugaban hukumar ya sauka daga muƙaminsa cikin 'yan kwanaki.

A duka wuraren biyu umarnin kariya bai yi amfani ba, domin hukumar da za ta bayar da shi ita ce mai bishiyoyin, ita ce kuma mai son sare su. Martanin gwamnati shi ne wani sashe na dokar muhalli ta 2021, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Nuwamban 2023. Ya wajabta wa hukumomin tituna a Ingila su tuntuɓi jama'a kafin sare bishiyar bakin titi, in ban da wadda ta mutu, ko mai haɗari, ko 'yar ƙarama, da wasu kaɗan. Wajibcin na tuntuɓa ne kawai. Hukuma za ta iya sauraron kowa sannan ta ci gaba da abin da ta yi niyya, muddin ta bayyana dalilinta.

## Inda masanan suka rabu

Duk wata takardar neman izini tana dogara ne a kan rahoton masanin bishiya, kuma a nan ne muhawarar ta fi zafi. A Birtaniya babu dokar da ta hana kowa sayen zarton inji ya kira kansa likitan bishiya. Ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni, Arboricultural Association, wadda aka kafa a 1964, tana da jerin 'yan kwangilar da ta tantance, amma shiga cikinsa ganin dama ne. Saboda haka mai gida zai iya samun shawara biyu masu karo da juna a kan bishiya ɗaya. Sau da yawa kuma mai ba da shawarar shi ne zai karɓi kuɗin saran, wanda ya fi kuɗin ɗan gyara tsoka.

Maganar farko ita ce haɗari. Alƙaluman da hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata da jama'a ta Birtaniya ke amfani da su sun nuna cewa yiwuwar bishiya ta kashe mutum a shekara bai wuce ɗaya cikin miliyan goma ba. Masu kare bishiyoyi suna kafa hujja da wannan, suna cewa tsoron shari'a ne, ba haɗarin gaske ba, ke sa ana sare bishiyoyin da za su iya ƙara ƙarni a tsaye. Amma jami'in da zai sa hannu shi ma yana da abin tunawa. A Janairun 2023 an ci hukumar birnin Newcastle tarar fam 280,000 bayan wata ruɓaɓɓiyar bishiya ta faɗa wa yarinya 'yar shekara shida a harabar makaranta a 2020, ta rasu. An riga an ga alamar matsala a jikin bishiyar amma ba a bi sawu ba. Wanda ya san wannan labari ba za a zarge shi da tsoro ba idan ya ga kogo a gindin bishiyar da yara ke wasa ƙarƙashinta. Tsarin auna haɗari da ƙwararru ke bi yanzu yana haɗa abu uku: yiwuwar faɗuwa, girman abin da zai faɗo, da yawan mutanen da ke bi ta wurin. Bishiya mai kogo a tsakiyar jeji da irinta a bakin makaranta hukuncinsu daban ne. Wani lokaci ma maganin ba a jikin bishiyar yake ba: a karkatar da hanya, ko a ɗauke benci, ko a kewaye ta da shinge.

Maganar biyu ita ce me ake nufi da bishiya ta tsufa. Tsohon tunani yana kallon kogo da busasshen kai a matsayin alamar ƙarshe. Masanan tsofaffin bishiyoyi suna cewa oak idan ta manyanta takan rage tsawonta da kanta, rassan sama su bushe, ta fitar da sababbi daga ƙasa, cikinta ya ruɓe ya zama kogo alhali ɓangaren da ke raye, wato na kusa da ɓawo, yana nan da ƙarfinsa. A wannan hali tana iya yin ɗaruruwan shekaru. A lokacin ne kuma ta fi amfani ga sauran halittu. Bincike a Birtaniya ya lissafa nau'o'in halitta kusan 2,300 da ke rayuwa a jikin oak, daga ƙwari da tsuntsaye zuwa jemagu. Matsalar ita ce ma'aunin umarnin kariya ya fi karkata ga lafiyayyar bishiya mai kyan gani daga titi. Tsohuwa mai kogo da ke bayan katanga tana iya faɗuwa jarrabawar, ko da ita ce mafi daraja a gundumar.

Maganar uku ita ce yadda ake yankan. Binciken Alex Shigo, masanin gandun daji na Amurka, ya sauya wannan sana'a tun daga shekarun 1970. Ya nuna cewa bishiya ba ta warkar da rauni kamar fatar mutum. Killace shi take yi, ta gina shinge a cikin itacen domin ruɓa kada ta yaɗu. Daga nan aka daina shafa fenti a kan yanka, aka daina yanke reshe daf da ganga, ana barin kumburin da ke gindin reshen domin a nan shingen yake. Fille kan babbar bishiya gaba ɗaya kusan duk ƙwararru sun yi tir da shi: yana buɗe manyan raunuka, sannan tohon da ke biyo baya ba shi da ƙwari, bayan 'yan shekaru ya fi na da haɗari. Sun bambanta shi da askin da ake fara yi wa bishiya tun tana ƙarama kuma a riƙa maimaitawa a wuri ɗaya, kamar yadda ake yi wa bishiyoyin titunan Landan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babbar bishiyar da ba a taɓa yi wa wannan aski ba, idan aka yi mata rana ɗaya, an kama hanyar kashe ta. Ma'aunin aikin bishiya na Birtaniya, BS 3998 na 2010, a kan wannan fahimta aka gina shi, kuma hukumomi kan sa shi cikin sharuɗɗan izini.

Cutar da ke kashe bishiyoyin ash, wadda aka tabbatar da shigarta Birtaniya a 2012, ta ƙara dagula lissafin. Itacen da ya kamu yakan yi gautsi, hawa shi ya zama kasada ga ma'aikaci, don haka wasu ke cewa a sare da wuri. Wasu kuma suna cewa kaɗan daga cikin bishiyoyin suna jure cutar, idan aka share duka an kashe irin da za a dogara da shi nan gaba.

## Saiwa, yumɓu da harsashin gida

Rigimar da ta fi shiga gidajen talakawa ba ta tsofaffin bishiyoyi ba ce. Landan da yawancin kudu maso gabashin Ingila suna zaune a kan yumɓun da ke kumbura da ruwa, ya tsuke da fari. Bishiya tana zuƙe danshin ƙasa da bazara, ƙasar ta sauka, tsohon gida mai gajeren harsashi ya tsage. Bayan zafin 2018 da na 2022 kamfanonin inshora sun ga ƙaruwar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

Kamfanin inshora yakan nemi a cire bishiyar, domin ya fi arha a kan ƙarfafa harsashi. Idan tana ƙarƙashin umarni kuma hukuma ta ƙi, doka ta ba wanda ya yi asara damar neman diyya daga hukumar cikin wata 12, muddin asarar ta kai fam 500 kuma abu ne da ake iya hangowa lokacin da aka ƙi. Kuɗin ƙarfafa harsashi kan kai dubban fam masu yawa. Ƙaramar hukumar da kasafinta ya tsuke tana iya ba da izinin sara ba don ta gamsu ba, sai don gudun wannan diyya. Jami'an bishiya suna ƙorafin cewa ana ɗora wa bishiya laifi kafin a binciki fashewar bututu ko raunin ginin kansa, shi ya sa suke neman shaidar gwajin ƙasa, da gano saiwar wace bishiya ce, da awon motsin ginin na tsawon watanni. Mai gidan kuma, wanda ke kallon bangonsa yana buɗewa kuma ba zai iya sayarwa ba, yana ganin wannan jira a matsayin zalunci. Kowanne yana da gaskiyarsa.

A wurin sabon gini akwai ma'auni na daban, BS 5837 na 2012. Ya tanadi da'irar kare saiwa da faɗinta daga ganga ya ninka kaurin gangar sau 12. Yawancin saiwa tana cikin mita ɗaya na saman ƙasa, don haka motar gini da ta yi ta bi ta wurin ko ramin bututu ɗaya ya isa ya kashe bishiya a hankali, shekaru bayan magina sun tafi.

## A faɗaɗa kariyar ko a bar ta haka?

Woodland Trust da masu ra'ayinta suna neman a yi wa fitattun bishiyoyi rajista ta ƙasa mai ƙarfin doka, kamar yadda ake yi wa tsofaffin gine-gine, ta yadda kariyar ba za ta jira sai wani jami'i ya hango barazana ba. Suna nuni da Poland, inda ake ayyana bishiya a matsayin abin tarihi na halitta, da Italiya, wadda ta yi dokar manyan bishiyoyi a 2013.

Masu taka-tsantsan ba lallai maƙiyan bishiya ba ne. Hujjarsu ita ce doka tana sauya lissafin mai fili. Tun yanzu an san dabarar wasu magina ta share fili kafin su shigar da takardar neman izinin gini, domin kada a ɗora umarni. Idan bishiya ta zama nauyi ba tare da tallafi ba, mai hankali zai cire ta tun kafin ta kai girman da doka za ta kula da ita. Manoman kudancin Nijar sun san wannan. A zamanin da dokar gandun daji ta sa gawo da sauran itatuwan gona a hannun jami'an gwamnati, manomi bai ga dalilin rainon tohon da zai jawo masa tara ba. Da aka sassauta, daga shekarun 1980, manoman Maradi da Damagaram suka riƙa barin toho suna gyara shi, har aka farfaɗo da miliyoyin hekta. Yanayin Ingila daban ne, amma tambayar ɗaya ce: wa ke ɗaukar nauyi, wa ke cin amfani? Shi ya sa wasu masu neman sabuwar doka suke haɗa ta da buƙatar asusun tallafa wa masu irin waɗannan bishiyoyi.

Akwai kuma maganar ma'aikata. Ƙananan hukumomi da dama jami'in bishiya ɗaya ko biyu gare su, wasu umarnin kuma an rubuta su shekaru da dama da suka wuce a kan taswirorin da ba su dace da abin da ke ƙasa yanzu ba. Ƙara doka ba tare da ƙara masu aiwatarwa ba zai iya tsaya a takarda.

## Abin da ya shafi mai gida da maƙwabci

Ga wanda ke zaune a Ingila, har da Hausawan da suka sayi gida ko suke haya a can, abin da ya rataya a wuyansa bai da yawa amma sakaci da shi yana da tsada. Umarnin yana bin fili ne, ba mutum ba, kuma yana fitowa a binciken da lauya ke yi kafin sayen gida. Kafin a kira mai zarto, a tambayi ƙaramar hukuma ko bishiyar tana ƙarƙashin umarni ko gidan yana cikin keɓaɓɓiyar unguwa. Da yawansu sun sa taswirar a intanet. Ɗan kwangilar da ya ce a bar wannan tambaya, shi zai tafi, mai gida ya rage da shari'a. Ɗan haya kuma sai ya nemi yardar mai gidan ban da ta hukuma.

Haƙƙin da maƙwabci ke da shi na datse reshen da ya tsallako gidansa ba ya aiki kai tsaye idan bishiyar tana da umarni. Zubar ganye, toshe magudanar rufi, kashin tsuntsaye ko tare hasken rana ba kasafai hukuma ke karɓar su a matsayin dalilin sara ba, ko da yake takan yarda a rage rassa daidai gwargwado. Izinin hukuma kuma bai shafe dokar namun daji ta 1981 ba: lalata sheƙar tsuntsu mai ƙwai ko 'ya'ya laifi ne, mazaunin jemagu ma yana da tasa kariyar.

Wanda kuma yake ganin wata bishiya a unguwarsu tana cikin haɗari, ko ba tasa ba ce, yana da damar rubuta wa jami'in bishiya na ƙaramar hukuma ya nemi a ɗora mata umarni. Ya bayyana inda take, daga ina jama'a ke ganinta, da abin da ya sa yake zaton za a taɓa ta, kamar sayar da filin ko shirin gini. Hukuma ba ta da tilas ta amsa da e, amma idan ta gamsu, umarnin wucin gadi yana iya fara aiki a ranar da aka sa masa hannu.